Layin Rai a Wayar Yayana

Ni dai tun ina ƙarama na tsani kalmar nan ta "da sauƙi". Ba wai ban san tarbiyya ba ce, na sani sarai. Amma a duba mana: mutum yana kwance yana cizon bargo, a shigo a ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi alhamdu lillahi, mai dubiya ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ajiye lemonta ta gyara mayafi ta fita. An gama ke nan. Ita ba ta ji komai ba, shi bai faɗi komai ba, kowa ya fita kunyar kowa.

A gidanmu a Kazaure babu wanda ya iya faɗin kalmar nan kamar yayana. Da sikila aka haife shi. Wanda bai zauna da mai ciwon ba, ba zai gane ba. Yau mutum yana tsaye yana tsokanar ki, gobe ƙasusuwansa suna sara kamar ana bi da guduma, musamman da damina ko idan sanyi ya shigo. Yaya ya girme ni sosai, siriri ne dogo, idonsa kullum da ɗan ruwan ɗorawa a ciki. Yana da rumfar caji da gyaran waya a bakin titi. Baba fataucin hatsi yake yi, rabin rayuwarsa a hanyar Babura take. Don haka duk wata jinya a kan Umma take faɗawa, ga ta da hawan jini. Yaya ya taso yana kallon ta tana kwana a tabarmar asibiti saboda shi, har ya kai matakin da ya yanke wa kansa cewa ta yi iya nata. Ko me yake ji, idan ta leƙa ɗakinsa na zaure ta ce, "Yaya jikin dai?" zai ce, "Da sauƙi, Umma." Har da murmushi.

Shekarar da na gama sakandare ina zaune a gida, ba makaranta ba aiki, sai wanke-wanke da faɗa da ƙanne, ya ba ni wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Wani ne ya kawo gyara ya ƙi dawowa. A ciki akwai gem ɗin da shi da abokansa suke yi a rumfa, na harbe-harbe. Ana zuba mutane a wani fili mai gidaje da duwatsu, kowa ya nemi bindiga, wanda ya rage a raye shi ya ci. Umma ta ce wannan ba wasan mata ba ne. Na ce ai ba da hannun maza kaɗai aka yi wayar ba. Ta jefe ni da mafici.

A ƙasan allon wayar akwai wani layi kwance, su Yaya suna ce masa layin rai. Idan mutumin da kike wasa da shi yana lafiya, layin cike yake, kore shar. Aka harbe shi sai ya ragu ya koma yalo, ruwan ɗorawa ke nan. Aka ƙara sai ya koma ja, gefen allon ya soma duhu, ki ji bugun zuciya a lasifika. Abin da ya fi ba ni haushi da farko shi ne layin ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Idan harsashi ya same ki, wajen da ya tafi sai ya zama fari-fari ya tsaya, sannan ya rinƙa janyewa a hankali kamar ruwa yana tsanewa a rairayi. Ni kuwa sai in ga layin har yanzu da tsawo, in ci gaba da gudu a fili, a ƙarasa ni.

Yaya yana bayana yana dariya har da riƙe ciki.

"Ke wai ina idonki yake? Farin nan ba naki ba ne. Ya riga ya tafi."

"To idan ya tafi me ya sa suke nuna min shi?"

"Don ki ga abin da aka cire miki mana."

"To su cire su ba ni wuri! Sai an yi min yanga?"

"Ke kam ko gem sai kin yi faɗa da shi."

Shi ya koya min dabarar bango. Idan layinki ya yi ja, kada ki yi jarumta. Nemi bango ko dutse ki tsuguna a baya, ki daina motsi. Sai ki ga layin ya soma tahowa da kansa, ja ya koma yalo, yalo ya koma kore, bugun zuciyar ya yi shiru. Wallahi akwai daɗi a kallon cikar layin nan. Ji nake kamar ni ce nake warkewa. Har numfashi nake saukewa.

Ya kuma koya min ɗaya abin, wanda ya ce shi ke kashe sababbin shiga. Ana cikin wasa wani hayaƙi mai guba yana tasowa daga gefen filin yana matsowa. Shi ba ruwansa da bango. Idan ya rufe ki, layin ba ya yin tsalle irin na harsashi, ba ya nuna farin nan ma, allon ba ya girgiza. Sulalewa yake yi kaɗan-kaɗan, a hankalin da ido ba ya kamawa. Sabon shiga zai tsuguna a bayan bango yana jiran layi ya ciko, yana kallonsa ƙuru, bai ankara ba sai ya ga mutuminsa ya kife.

"Ido abin da ya yi tsalle yake gani," in ji Yaya. "Abin da yake rarrafe, sai ya iso. Idan kin ga kin ɓuya layi bai ciko ba, tashi ki gudu, a hayaƙi kike."

Shi ya faɗa min wannan da bakinsa. A riƙe wannan.

Wata rana ciwon ya tashi masa a ƙafafu. Wata gwaggonmu ta zo daga Roni dubiya, ta zauna ta yi ta ba da labarin gyaɗarta da tsutsa ta ci, ta tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ta tafi. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, ina kallon gumi yana bin wuyansa. Raina ya ɓaci.

"Yaya, don girman Allah sau ɗaya ka faɗa min gaskiya."

"Na ce da sauƙi."

"Ni ba gwaggo ba ce. Da a gem ne, ina layinka yake?"

Ya kalle ni, ya yi 'yar dariya da ta ƙare da cije leɓe. Sannan ya ce, "Yalo. Yana gangarawa."

Tun da nake da shi, ranar ce ya fara faɗa min gaskiyar jikinsa. Ban san me ya sa ya iya faɗa ta haka ba bai iya faɗa da Hausa tsagwaronta ba. Wataƙila cewa "ina jin ciwo" raki ne a wajensa, amma cewa "yalo" rahoto ne kawai, kamar yadda suke yi wa juna ihu a rumfa idan suna wasa tare. Kafin in fita ya riƙo gefen hijabina.

"Tsakanina da ke ne. Umma kada ta ji."

Na ce to.

Daga nan muka samu yarenmu. Da safe idan na kai masa koko sai in ce, "Wane launi?" Kore, in yi gaba. Yalo, in ɗora ruwan zafi, in miƙa masa maganinsa, in cika masa jarka in tsaya a kansa sai ya sha, in aika ƙaninmu ya gaya wa abokinsa ya buɗe rumfa. Idan ya ce ja, to zai ƙara da, "Ina bayan bango." Ma'ana in ja masa ƙofa, in ce wa kowa barci yake, in hana yara buga ƙwallo a ƙofar gida. Zai kwanta ya dunƙule har abin ya lafa.

Umma tana jin mu. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce, "Wai ku kore, yalo, kore, yalo, fenti za ku yi wa gidan ne?"

Yaya ya ce, "Eh, Umma, ɗakinki za mu fara."

"Allah ya shirye ku."

Matsalar ita ce abin yana aiki. Da bai yi aiki ba da tun farko mun watsar. Sau da yawa ya ce ja, ya kwanta, na tsare ƙofa, washegari ya ce yalo, bayan nan ya fito yana neman ɗumame. Duk lokacin da haka ta faru sai ya ƙara yarda cewa jikinsa yana da layi irin na wayar, kuma shi kaɗai yake ganinsa. Har yakan ce min, "Saura kaɗan ya taɓa yalo," yana nuni da ɗan yatsa da babban yatsa, kamar wanda ke kallon wani abu a gabansa. Ni ma na yarda. Gaskiya na ji daɗin matsayin. A gidan da kowa ke cewa na cika baki, ni kaɗai Yaya yake faɗa wa gaskiya.

Yanzu idan na tuna, abin da layin nan ya yi mana shi ne ya sa muka ji kamar mun san abin da ke faruwa. Abu ne mai tsawo, mai launi, yana tafiya sumul ba gargada, kuma a waya bai taɓa yi mana ƙarya ba. Ciwo kuwa ba shi da tsawo, ba shi da gefe. Da muka ɗora masa layi sai ya zama kamar abin da za a iya zama a jira. Ni ba na cewa gem ɗin ya cuce mu. Wanda ya tsara shi bai san da mu ba. Amma idan mutum ya kalli abu yana cikowa da kansa kullum, safe da yamma, hannunsa yana ji idonsa yana gani, to ko bai faɗa ba ya sa a ransa cewa haka duniya take.

Da damina ce. Ranar kasuwar Babura Yaya ya bi abokinsa a mashin don ya sayo tsofaffin wayoyi wajen mutanen Nijar da ke kawowa, yana cire kayan gyara a jikinsu. Umma ta ce hadari yana haɗuwa. Ya ce kafin ya sauko sun dawo. Bai dawo kafin ya sauko ba. Ruwa ya kama su a hanya inda babu ko rumfa, ya shigo gida rigarsa manne da haƙarƙarinsa, yana rungume da ledar wayoyin a cikin riga, su ya kare bai kare kansa ba.

Washegari yalo, da ɗan tari. Na ɗora ruwan zafi. Kashegari kuma ya ce ja, yana bayan bango. Na ja ƙofa kamar kullum. Umma ta leƙa ya ce mata mura ce, da sauƙi. Ta dafa masa citta da kanumfari.

Da aka sake kwana, bayan azahar na shiga da kunu na tarar da shi ba a dunƙule ba. Kullum idan ciwo ya tashi dunƙulewa yake yi ya rungume gwiwoyi. Yau a zaune yake, ya jingina da bango, ya dafe ƙirji da tafin hannu. Jikinsa zafi rau. Kunun safe yana nan ya yi fata a kai.

"Wane launi?"

"Ja."

"Jiya ma ja ka ce."

"Eh. Yana nan... inda yake."

Maganar nan guntuwa sai da ya raba ta biyu ya ja numfashi a tsakiya. Na ajiye kofin na tsuguna a gabansa. Leɓensa ya yi wani irin toka-toka. Ramin wuyansa yana shiga yana fita da sauri kamar na ɗan tsako.

"Yaya, ina ne yake maka ciwo?"

"Ba komai. Ja min ƙofa."

"Ƙafa ne ko baya?"

Ya ƙara danne ƙirjin da tafin hannu.

"Ƙirji ne ko? Bai taɓa kama ka a ƙirji ba."

"Ke likita ce?"

"Ni ba likita ba ce, amma ina da ido. Tun jiya kake bayan bango. Ya ciko?"

"Bai ragu ba."

"Ban tambaye ka ko ya ragu ba. Ya ciko?"

Ya juya kai wajen taga. Na ce masa, kai ka koya min. Kai ka ce idan na ɓuya layi bai ciko ba in tashi in gudu. Kai ka ce mai rarrafe ido ba ya ganinsa. Jiya kana iya yi min masifa da dogon numfashi, yau kalma uku tana gagarar ka, kana ce min yana nan inda yake. Ba ya nan inda yake. Sulalewa yake kana kallo.

Na ɗauka maganar za ta shige shi, tunda tasa ce. Ko kaɗan. Haushi ma ta ba shi.

"Ke za ki... koya min gem? Wa ya ba ki wayar?"

"Kai. Tashi mu tafi asibiti."

"Na san jikina. Gobe... yalo ne."

"Idan ba yalo ba ne fa?"

"Kin yi min alkawari."

"Na yi."

"To fita."

Na fita. Na tsaya a tsakar gida. Umma tana bakin murhu tana tankaɗe garin tuwo, rediyo yana magana a gefenta. Na san abin da zan rasa idan na buɗe baki, ba wai ban sani ba. Amma ni ba a halicce ni da jira ba, kuma ranar na gode wa Allah da hakan. Na je na kashe rediyon.

"Ke lafiya? Ina jin sanarwa."

"Umma, kore yana nufin lafiya lau. Yalo yana nufin ciwo ya tashi. Ja yana nufin ya kai maƙura. Yaya yana ja tun jiya da safe, kuma a ƙirji ne, ba ya iya numfashi."

Na zaci za ta yi salati ta zube. Ba ta yi ba. Ta ajiye rariyar a hankali, ta kakkaɓe hannu a zani, ta dube ni wani irin duba da har yau ban manta ba.

"Duk fentin nan da kuke yi a gabana, ɗana kuke ɓoye min?"

Ba ta jira amsa ba. Ta wuce zaure ta tura ƙofa. Na ji ya ce, "Umma, da sau..." ta ce, "Rufe min baki." Ta leƙo ta ce in ruga in kira maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, idan barci yake in buga ƙofar har ta karye.

Da muka fito da shi yana rataye a kafaɗar maƙwabcin, ya wuce ta gabana bai kalle ni ba. A cikin adaidaitar ma Umma ce a tsakiya. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi wani ƙaramin sauti ta hanci, mai tuƙin yana ta cewa sannu, sannu, yana ƙara wuta.

A asibiti ba su tsaya dogon tambaya ba. Wata nas babba mai gilashi ta kalle shi sau ɗaya ta ce a kwantar da shi. Suka sa masa robar iska a hanci, suka ɗaura ruwa, ta maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa kamar abin maƙale shanya. A jikinta akwai lamba mai haske da ke nuna yawan iskar da ke shiga jininsa, a gefe kuma wani ɗan layi yana tsalle daidai da bugun zuciyarsa. Lambar ba ta tsayawa. Ta hau, ta sauka, ta sauka, ta hau.

Yaya ya ɗago hannun ya kafa mata ido. Wallahi irin kallon da yake yi wa waya, har da ɗan karkatar da kai. Ga layin da ya daɗe yana cewa yana gani, yau an kawo masa shi a yatsa, kuma ba abin da ya zata yake nunawa ba. Sai ya soma ƙoƙarin tura ta sama. Ya tattara ƙarfi ya ja numfashi mai zurfi, ciwon ya soke shi, lambar ta ɗan ɗaga, ya saki, ta koma ƙasa da inda take. Ya sake. Gumi ya keto masa. Ni ma na kasa ɗauke ido. Umma, da ba ta san me lambar ke nufi ba, fuskarsa kawai take kallo tana jan carbi, kuma ita ta fara cewa, "Yaron nan wahalar da kansa yake."

Nas ɗin ta dawo ta gani. Ta kama hannun ta kife shi a kan katifa.

"Malam, ba ƙwallo ake nunawa ba. Wannan tawa ce, ni zan kalla. Kai numfashi kawai aka sa ka."

Ta juyo kaina. "Ke ma 'yan mata, fita ki sha iska. Lambar nan ko yatsa ya motsa sai ta canza. Idan kika biye mata ke za mu kwantar a gadon gefe."

Likita ya ce ciwon ne ya sauka a ƙirji, kuma irin wannan ba ya wucewa da kwanciya a ɗaki. Ya tambayi yaushe ya fara. Umma ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi wannan, ita ce mai ajiye masa." Na faɗa. Likitan ya rubuta. Aka ce sai an ƙara masa jini. Baba ya baro Babura ya iso da la'asar, ƙurar hatsi a hularsa, shi da abokin Yaya na mashin suka shiga aka gwada su.

Ya daɗe a kwance. Akwai ranakun da ba na so in tuna, ba kuma zan rubuta su ba. Ya tashi dai. Ya fito ya rame, idan ya yi tafiya daga gida zuwa bakin titi sai ya tsaya a hanya ya yi kamar yana duba waya.

Bai yi min faɗa ba. Da ya yi da na fi so, don na tanadi amsa. Shiru kawai ya yi min na wani lokaci, irin shirun da ake miƙa wa mutum kofi a ce na gode. Daga baya ya dawo yana tsokana ta, yana ce min likitar gidanmu. Na ɗauka an wuce wajen. Wata safiya na kai masa koko na ce, "Wane launi?"

Ya ce, "Kore."

Washegari kore. Ranar da na gan shi yana dafa bango kafin ya miƙe, kore. Ranar da bai buɗe rumfa ba, kore, barci ne bai ishe shi ba. Umma ma ta koyi yaren, takan leƙa ta ce, "Yau wane fenti ne?" ya ce, "Kore shar, Umma," har da murmushin nan. Muryar da yake faɗin da sauƙi da ita, ita ce dai. Kalmar kawai aka canza.

Na tare shi sau ɗaya.

"Yaya, ƙarya kake min."

"Ni? Me zan samu?"

"Idan ja ne ka ce ja."

"In ce ja a kira adaidaita?"

"Idan ta kama a kira, a kira mana!"

Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa kore ne."

Wasu za su so in ce na yi nadama. Ban yi ba. Da za a mayar da ni tsakar gidan nan zan sake kashe rediyon, da sauri ma fiye da na farko. Yana raye, yana gyaran waya, yana cin tuwo yana ƙorafin miya. Amma ƙofa ɗaya ce tak ya taɓa buɗe min, na yi amfani da ita sau ɗaya ta rufe, kuma ciwon bai je ko'ina ba. Zai dawo. Kowa a gidan ya san zai dawo. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Ni na daina gem ɗin. Ba haramta shi na yi ba, kawai idan layin ya soma cikowa a bayan bango sai in ji raina yana ɓaci, kamar ana yi min daɗin baki. Shi yana yi har yanzu. Ni kuma na koma karanta shi ta inda bai san yana nunawa ba. Idan lafiyarsa lau, a zaune yake wasa, gwiwar hannu a kan cinya, yana zagin abokansa. Idan abin ya soma, sai ya kwanta rigingine ya ɗora wayar a ƙirji, yatsunsa su yi nauyi, in ji ana kashe shi da wuri, ya sake shiga, a sake kashe shi, ba ya ko tsaki.

Shekaranjiya da hantsi hadari ya taso ta bayan duwatsu, iska mai sanyi ta shigo zaure. Na tarar da shi rigingine, waya a ƙirji. Mutuminsa yana tsugune a bayan wani bango, layin yana ja yana ɗan motsi, Yaya ya zuba masa ido yana jira. Ban tsaya ganin ko zai ciko ba. Ramin wuyansa na kalla, da leɓensa, da yadda ya ajiye ƙafar hagu a kan matashi.

"Wane launi?"

"Kore," ya ce, bai ɗago ba.

Na ce to. Na shiga na ɗora ruwan zafi, na cika jarka na dire masa a gefen katifa. Sannan na sa hijabi na leƙa gidan maƙwabcinmu, na tarar yana goge gilashin adaidaitarsa. Na gaishe shi na ce don Allah yau kada ya yi nisa.